Sandar da Alhaji Buba Ya Zaɓa

Filin golf na gefen tafkin Bagauda ba abin a zo a gani ba ne. Ma'aikatan noman rani da wasu 'yan boko masu ritaya ne suka share shi da kansu, suka haƙa ramuka tara, suka zuba wa kowane rami yashin da aka kwaɓa da baƙin mai a madadin ciyawa. Shanu na ratsawa idan za su sha ruwa, ba mai ce musu kanzil. Amma a ƙarshen shekarun casa'in, duk wanda ya taɓa riƙe sanda daga Kano zuwa Jos ya san filin, saboda a nan Alhaji Buba yake bugawa.

Alhaji Buba Bafulatani ne na Ƙofa. Ya koyi wasan a Jos yana saurayi, lokacin da yake awon ƙasa wa masu haƙar kuza, ya ƙarasa aikinsa a Riruwai, ya dawo gida da furfura da jakar sanduna. Ya haura saba'in, amma idan ya ɗaga sandar ƙarfe ya sauke, ƙwallon sai ta miƙe kamar an ja ta da zare. Ya san ya iya, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba. Rabin masu buga wasa a filin shi ya koya musu tsayuwa da riƙo, da faɗa da tsaki da komai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa koya wa ba, shi ne Hamidu, ɗansa na fari. Tun Hamidu yana tatata aka miƙa shi ga ƙanin Alhaji, Ɗantani, shi ya riƙe shi, ya kai shi makaranta, ya yi masa aure. Alhaji ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake zaune, ba ya yi masa magana gaba da gaba. Idan ta kama dole sai ya ce wa Ɗantani a gaya wa mutumin nan kaza. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar da iyayensa suna yi. A ransa kuwa duk cikin 'ya'yansa ba wanda yake ji da shi kamar wannan, wanda ya zama likitan dabbobi a Tudun Wada, makiyaya na sa masa albarka har Doguwa.

Sai da Hamidu ya kusa arba'in sannan ya fara golf, kuma ba wanda ya kasa gane dalili. A gida ba dama ya zauna kusa da mahaifinsa. A fili kuwa wasa ya halatta musu tafiya tare, daga rami zuwa rami, kowa da sandarsa, Ɗantani a tsakiya riƙe da lema, shi da bai taɓa buga ƙwallo ba. Ranar da ya fara, Alhaji ya aika masa da tsofaffin sandunansa na ƙarfe na Jos, masu siririn kai kamar wuƙa. Ya ɗauka karramawa ya yi masa. Ashe ya ɗora masa kaya ne. Irin waɗannan sanduna ba sa yi wa kowa uzuri: ka sami ƙwallo a tsakiyar fuskar sanda ta tashi, ka kuskure da ɗan kaɗan ta kwanta a gabanka. Hamidu kuwa, Allah ya ba shi hannun kama bijimi, bai ba shi na wannan ba. A golf akwai rangwamen bugu da ake yi wa mai rauni don ya iya karawa da gwani, kuma nasa rangwamen ya kai maƙura, shekara ta zagayo bai motsa ba. Ya ƙi kuma ajiye sandunan, wai na Baba ne.

Wata ranar Talata Ɗantani ya shigo zaure ya zauna, ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai Hamidu ya ce wasan Asabar mai zuwa, wanda za a yi da baƙi daga Jos, shi ne na ƙarshe a wurinsa. Ya gaji da zubar da sunan gidansu a cikin tafki. Alhaji ya ce to, ruwansa, ya ci gaba da jan carbi. Da Ɗantani ya fita sai carbin ya tsaya. Idan Asabar ta tafi, shi ke nan, ya koma ganin ɗansa ranar salla daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi ya tashi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san laifin nasa ne.

Duk Alhamis da la'asar wani Wada kan zo daga Kano da but ɗin fijo cike da sandunan golf na gwanjo. A 'yan watannin nan ya fara kawo wata sabuwar iri da 'yan fili suka sa wa suna ruwa-biyu, don ba ita ce ta ƙarfe ba, ba kuma mai ƙaton kan nan ta bugun nesa ba. Kanta dunƙulalle ne, gindinta da faɗi, tsawonta madaidaici. Ranar da aka fara kawo ta Alhaji ya juya ta a hannu ya ce ta ragwaye ce, ya mayar. Shi ya sa a wannan Alhamis ɗin Wada ya tsaya yana kallonsa da ya ce a fito masa da duk ruwa-biyun da ke cikin motar.

Alhaji ya jera su a ƙasa, ya zube ƙwallaye. Ya ɗauki ta farko ya buga, ta miƙe. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Wada yana ta yaba kayansa, Alhaji kuwa ya yi tsaki, don ya ga wannan gwaji ba zai gaya masa komai ba. A hannunsa ko muciya aka ba shi sai ƙwallo ta tashi. Ba wa kansa yake nema ba.

Ya waiwaya. A ƙarƙashin rumfar 'yan fili akwai mutane suna shan lemo, cikinsu har da Injiniya Jibrin, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Alhaji ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya gyara ƙafafu, ya buɗe su fiye da kima, ya ranƙwafa, ya damƙe sandar kamar mai riƙe ƙahon sa. Ya ɗaga diddigen hagu, ya sauke kafaɗar dama, ya ciji gefen harshe, ya ɗago kai kafin sanda ta isa ƙwallo. Haka Hamidu yake bugu, ba ragi ba ƙari. Mutumin da kullum yake juya baya yana duban tafki idan ɗansa zai buga, ashe ba abin da ya wuce masa.

Sandar ta daki ƙasa kafin ƙwallo, ƙura ta tashi, ƙwallon ta yi tsalle biyu ta kwanta. Hirar rumfa ta tsaya.

“Alhaji, ko jikin ne?” in ji Wada.

“Jiki lafiya lau. Miƙo waccan.”

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓata bugu da gangan. Mai ƙaramin kai ya ajiye ta, don idan aka same ta a gefe sai ta karkace a hannu ta jefa ƙwallo dama cikin ciyawa. Mai doguwar ƙota ma ya ajiye, ta fi ƙarfin mai ranƙwafawa. Wata ƙotarta ta cika tauri, sai mai saurin hannu. Wada ya yi ta tura masa wata mai sheƙi, wai ita manya ke so a Kano, Alhaji ya duba fuskarta ya ga a tsaye take, ya ce ba za ta ɗaga ƙwallo ba. Ya tsaya a kan wata baƙa mai ɗan ƙwarzane a ka, gindinta faffaɗa, nauyinta duk a ƙasa, fuskarta a kwance, ƙotarta na ɗan lanƙwasa. Ya daki ƙasa da ita kafin ƙwallo, maimakon ta nutse sai ta zame ta ɗauki ƙwallon sama. Ya same ta a gefen fuska, ta ɗan karkata amma ta yi nisa. Ya kai ƙwallo cikin busasshiyar ciyawa ya gwada, ya sa ta cikin sawun kofaton saniya ya sake gwadawa. Duk yadda ya cuce ta sai ta rufa masa asiri.

Kafin ya gama, rumfa ta riga ta yanke hukunci: tsufa ya kama Alhaji Buba, har ya koma neman sandar ragwaye. Ya biya Wada kuɗin baƙar sandar, ya kuma ji su sarai da ya zo wucewa. Ransa ya sosu, don mutum ne da ya ɗauki shekara hamsin yana gina suna a kan bugu ɗaya mai tsabta. Ya yi musu sallama ya wuce.

Da safe ya ba Ɗantani sandar ya ce a kai wa mutumin Tudun Wada, a kuma karɓo masa dogayen sandunan ƙarfensa, yana da buƙatarsu. Ɗantani ya ce ko kalma ɗaya ta lallashi a haɗa da saƙon. Alhaji ya ce saƙon ke nan. Da yamma Ɗantani ya dawo da sandunan a naɗe cikin sabon tawul, ya ce yaro ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma fuskarsa ba daɗi. A ganin Hamidu, an ƙwace gadon gida ne an ba shi abin da ya dace da irinsa.

Asabar aka haɗa su rukuni ɗaya: Alhaji, Hamidu, Injiniya Jibrin, da wani dattijo baƙo daga Jos. Ramuka ukun farko Hamidu ya yi ta fama da gajerun sanduna, baƙar ruwa-biyu na cikin jaka bai ko kalle ta ba. Alhaji yana lura, ba damar magana.

Rami na huɗu shi ne mugun. Wani hannun tafki ya shigo tsakanin wurin bugu da rami, dole ƙwallo ta tsallake ruwa. Hamidu bai taɓa tsallake shi ba. Suna jiran na gaba su gama, Jibrin ya ga lokacin ba baƙo labari ya yi. Ya ce ai da ya zo shekaranjiya da ya ga abin mamaki, gwanin Bagauda yana noma fili da sanda. Bai tsaya a baki ba, ya fito ya nuna. Ya buɗe ƙafafu, ya ranƙwafa, ya ɗaga diddige, ya sauke kafaɗa, ya ciji harshe, ya ɗago kai. Ya ce wallahi haka Alhaji ya yi ta yi har rana ta yi ja, sanda bayan sanda, sai da ya sami wata baƙa sannan ya haƙura.

Baƙon ya yi dariyar ladabi. Hamidu bai yi ba. Alhaji na kallonsa ta gefen ido, ya ga ya tsaya cak, ya ga ya dubi diddigen Jibrin, ya dubi nasa. Likita ne, aikinsa ke nan gane ciwo daga tafiyar dabba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya juya ga jakarsa ya zaro baƙar sandar.

Alhaji ne ya fara bugawa, don kowa ya san zancen tsufan nan ƙarya ne. Ƙwallonsa ta tsallake ta sauka gefen baƙin yashi, Jibrin ya haɗiye sauran labarinsa. Da layi ya zo kan Hamidu, Alhaji bai juya baya ba yadda ya saba. Ya dogara da sandarsa ya zuba masa ido, a gaban kowa.

Bugun bai yi kyau ba, gaskiya ɗaya ce. Diddigen ya ɗagu, kafaɗar ta sauka, sandar ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo. Amma ta zame ta ɗauke ta, ƙwallon ta hau sama, ta ɗan karkata dama, ta bi ta kan ruwa, ta wuce wani masunci da ya saba sunkuyawa idan Hamidu zai buga, ta sauka a kan tudu ta gangara. Hamidu ya tsaya da sanda a sama kamar bai yarda ba. Ɗantani ya yi ta girgiza lema yana cewa masha Allah. Alhaji ya ji ƙirjinsa ya cika, irin cikar da ko kofin gasar da ya taɓa ci a Jos bai ba shi ba.

Suka kama hanyar zagaye ruwan, Hamidu a gaba da 'yan taku. Baƙon ya matso ya ce wannan likita akwai zuciya, ɗan wane gida ne? Ɗantani ya buɗe baki zai amsa yadda ya saba, Alhaji ya riga shi.

“Nawa ne,” ya ce. “Shi ne babba.”

Ɗantani ya dubi yayansa baki buɗe. Hamidu bai waiwayo ba, sai dai tafiyarsa ta ragu har suka cim masa. Ya goge kan sandar da gefen rigarsa, idonsa a ƙasa.

“Baffa,” ya ce wa Ɗantani, “Asabar mai zuwa yaushe za a fara?”

Ɗantani ya juya zai miƙa tambayar, ya tarar ba a bar masa aikin ba.

“Da hantsi,” Alhaji ya ce wa ɗansa. “Kada ka makara.”