Kason Ɗan'uwa

Babban yatsan Haisam ya tsaya cak a cikin hasken tocila, yana nuna sama. Ruwa ne a kansu, a kan ruwan kuma baƙin dutse, don haka saman da yatsan ke nunawa ba a isa gare shi sai an koma baya tafiyar minti ashirin ana bin igiya. Badaru ya gani. Fahad ma ya gani, domin a fuskarsa aka ɗaga yatsan.

Masu nutso a kogo ba su da dokar da ta fi wannan tsauri. Duk wanda ya ɗaga babban yatsa, ko shi ne auta, ko jiya ya fara, to nutso ya ƙare, kowa ya juya, ba a tambayar dalili. Fahad, shugaban tawagar, shi da bakinsa ya koya wa Badaru ita a tekun Yanbu na ƙasar Saudiyya shekara huɗu da suka wuce, ya haɗa masa da ta biyu: iskar da ke cikin tukunyarka kashi uku ce, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, na ukun ba naka ba ne, na ɗan'uwanka ne in tasa ta ƙare.

Amma Fahad ya mai da tocilarsa gaba. A ƙarshen lungun akwai wata kafa, bayanta kuma wani ɗakin ruwa da ɗan Adam bai taɓa leƙawa ba. Wata bakwai suna neman kafar nan. Ya buɗe wa ƙanensa Haisam yatsu biyar, wato minti biyar, ya juya ya kutsa yana warware igiya.

Haisam ba yaro ba ne. Shekararsa ashirin da tara, 'ya'yansa biyu, yana da shagon magani a unguwar Al-Azizya. Ya dubi agogon iskarsa, ya dubi ƙafafun yayansa suna shigewa kafar, ya sauke yatsan ya bi shi. Badaru ya cije robar da ke bakinsa har haƙoransa suka yi zafi. Ba a barin mutum a kogo, dole shi ma ya bi.

Minti biyar suka zama sha ɗaya. Wajen fitowa tukunyar Fahad ta gogi rufin kafar, laka ta zubo, ruwan ya koma kamar kunu. Tocila ba ta da sauran amfani. Suka dawo da lalube, kowa da igiya tsakanin yatsunsa. Mai tsoro kuwa zuƙar iska yake yi ba lissafi. Saura rabin hanya Badaru ya ji an damƙe masa kafaɗa da ƙarfin wanda ya ga mutuwa. Bai ga fuskar ba, amma ya san ko wane ne. Ya zare abin shaƙarsa ya lalubo bakin Haisam ya cusa masa, shi ya koma kan na ajiya. Haka suka ja jiki, mutum biyu a kan iskar mutum ɗaya, har haske ya bayyana a gindin tsohuwar rijiyar da suka shiga ta cikinta, can cikin baƙaƙen duwatsun da ake kira harra, tafiyar awa biyu daga Madina. Allurar agogon Badaru tana kwance a kan ja.

Fahad ya riga su hawa. Suka same shi a bakin rijiyar yana dariya, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Kun ga ɗakin nan? Wallahi ya fi zauren biki girma. Ba wanda ya riga mu."

Badaru ya cire gilashin nutsonsa ya buga shi da ƙasa.

"Ya ɗaga maka yatsa."

"Ya shaikh, mun fito ko ba mu fito ba?"

"Da iskar wa ya fito?"

"To ai amfanin kaso na ukun ke nan," in ji Fahad, yana kwance ɗamarar tukwanensa.

Badaru ya tsaya yana kallonsa. Ɗalibin hadisi ne daga Kano, shekararsa shida a Jami'ar Musulunci, an san shi da sanyin baki, amma yau da akwai dutse kusa da hannunsa, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Mutum ya tura ƙanensa bakin kura, ya dawo yana yaba wa kansa dabara.

Haisam na durƙushe a gefen mota yana amai. Ya goge baki ya ce, "Shi ke nan, Malam, ya wuce."

"Bai wuce ba. Kai ma da kai nake. Ka ga iskarka ta kai iyaka, ka ɗaga yatsa, me ya kai ka binsa?"

"Yayana ne."

"Ruwa ya san yaya?"

"Tun da Abuya, mahaifinmu, ya rasu ban taɓa juya masa baya ba." Haisam ya sunkuyar da kai. "Balle a gaban baƙo."

Baƙo. Shekara huɗu suna shiga rami ɗaya, yanzun nan Haisam ya shaƙi iskarsa, amma har yau shi baƙo ne.

A hanya Fahad ya yanke hukunci yana tuƙi: ranar Asabar za su koma su auna ɗakin su zana taswirarsa, kafin labari ya kai kunnen wasu masu nutso su zo su sa sunansu. Badaru ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka rijiyar nan ba muddin Fahad ne a gaba.

"Tayyib, ba laifi," in ji Fahad. "Mu biyu mun isa."

Al'adarsu ce duk ranar nutso su ƙare a gidan su Fahad a unguwar Harra ta Gabas, su wanke kaya a tsakar gida, mahaifiyarsu Hajiya Sabuwa ta ciyar da su. Kakanninta da ƙafa suka zo aikin Hajji daga ƙasar Haɗeja, kuma har yau Hausarta ba ta karye ba, ko da 'ya'yan kan amsa mata da Larabci. Bayan la'asar ta sa aka kawo shayi da na'ana da dabino, ta zauna a gefen tabarma tana jan carbi. Haisam ya ɗauki buta zai zuba wa yayansa, ya kuskure kofin, shayi ya malale a faranti.

Carbin ya tsaya. Ta dubi idanun ɗanta da suka kaɗa jawur, ta dubi Fahad, sannan ta juya ga Badaru.

"Malam Badaru, waɗannan ko na tambaye su, lafiya za su ce mini. Kai almajirin hadisi ne, aikinka sanin mai gaskiya da maƙaryaci. Me ya sami yaron nan?"

Fahad ya ɗaga ido ya zuba masa. Badaru ya san abin da idon ke cewa: tuwon gidan nan nawa ka ci, wa ya koya maka nutso, kayan wa kake sawa. Duk gaskiya ne. Amma Asabar saura kwana huɗu, kuma a duniya mutum ɗaya ce za ta ce wa Fahad kul ya ji, ga ta nan zaune.

Ya gaya mata. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Ya bayyana mata ma'anar yatsan, da minti biyar da suka zama sha ɗaya, da hannun da ya damƙe shi a cikin duhu.

"Hajiya, da na yi nisa da shi kamu biyu, da yanzu zaman makoki ake a gidan nan. Kada ki bari su koma."

Tsohuwar ta juya a hankali.

"Haisam. Ka ɗaga wa yayanka yatsa ya ƙi juyawa?"

Haisam ya kalli farantin da shayi ya ɓata.

"La, ya Ummi. Ban ɗaga ba. Ruwan ne ya gurɓace, Malam bai gani sosai ba. Ni na yi sakaci da agogona."

Hajiya Sabuwa ta sauke ajiyar zuciya, carbin ya ci gaba da tafiya.

"Alhamdu lillahi. Na san Fahad ba zai yi wasa da ran ɗan'uwansa ba. Malam, ido yakan ruɗi mutum, balle a cikin ruwa. Allah ya saka maka da alheri. Sha shayinka."

Fahad ya miƙo masa kofi da hannunsa, har da murmushi.

Badaru bai karɓa ba. Ya miƙe, ya yi wa Hajiya sallama da muryar da shi kansa bai gane ta ba, ya nufi ƙofa. Ransa ya ɓaci da Fahad, ya ɓaci da tsohuwar da ta zaɓi amsar da za ta bar ta ta yi barci, amma wanda ya fi ƙona masa zuciya shi ne Haisam, wanda ya biyo shi rakiya, ba takalmi, har cikin lungu.

"Malam, ka yafe mini."

"Ka mai da ni maƙaryaci a gaban mahaifiyarka."

"Da na ce i, da ta yi fushi da Yaya. Ka san fushin uwa. Ba zan zama sanadi ba."

"Gara ka zama gawa?"

Wata mota ta wuce, suka raɓe jikin bango.

"Asabar ɗin za ka je?" in ji Badaru.

"In ban je ba shi kaɗai zai shiga. Na san shi."

"In kuma ka sake ɗaga yatsa ya ƙi?"

Haisam ya dubi ƙafafunsa.

Badaru ya so ya shaƙe shi. Ya so ya tafi ɗakinsa ya rufe ƙofa ya buɗe littattafansa, ya bar 'yan gida da abinsu, tun da shi baƙo ne. Ya yi taku uku. Ya tuna Fahad a gaba yake tafiya kullum, ba ya waiwaye, kuma in su biyu ne, ba kowa a bayan Haisam.

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Bayan asuba."

"Ka ce wa yayanka ya cika mini manyan tukwanen nan. Ya ƙara ɗaya, kason ɗan'uwa."