Luguden Munawwara

Ina juya kifi a kan banda na ji kiɗa ya tashi daga ɗakin Bilyamin. Hannuna ya tsaya a cikin hayaƙi. Ba wanda ya buɗe ɗakin nan tun ranar da aka ɗauko ɗana daga hanyar Illo a bayan a-kori-kura, lulluɓe da zanen wata mata da ban sani ba. Sai ga muryarsa a kan kiɗan, sarai kamar yana tsakar gida: "Bilyamin ne, ɗan bakin Kwara, ku matso."

Ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, sai yanzu da nake rubutawa.

Na tura ƙofar da ƙafa. Ƙanwarsa Munawwara ce zaune a ƙasa, kwamfutarsa a cinyarta, a gabanta ɗan akwatin nan mai faifai biyu da maɓallai.

"Inna, ba shi ne ba," ta ce, tana jan maganar kamar wadda aka tasa daga barci. "Muryarsa ce ya naɗa a ciki."

Bilyamin kabu-kabu yake yi, yana ɗaukar kaya daga Illo zuwa tsallaken iyaka ya dawo da wasu. Masu kayan su ne ke ba yaran kabu-kabun ƙwayar tiramol, wai don kada su gaji. A can Benin ya sayo kwamfutar ta hannu da akwatin da lasifika, ya ce in ya iya haɗa kiɗa zai bar hanya ya zama DJ. Bai kai ga iyawa ba. Jijjiga ta kama shi a kan babur da rana tsaka, ga buhunan shinkafa a bayansa.

Bayan sadakar arba'in ne na fara tsintar kwalaben maganin tari a cikin buhun ƙaiƙayi. Ban tambayi na wa ne ba. Na ga idon ɗiyata, na ga yadda ƙawarta Sa'adiyya ke shigowa da robar lemo a ƙarƙashin hijabi. Babansu ya yi duka, ya yi rubutu ya ba ta ta sha, ya koma kamun kifinsa a kogin Kwara ya ƙyale. Ni kuwa na binne ɗaya, ina kallon ta biyu tana tafiya a hankali.

* * *

Kullum sai ta shiga ɗakin. Waƙoƙin hip-hop ne, waɗanda ake zuba magana da sauri kamar ana faɗa a kasuwar Lolo. Ban san abin da suke cewa ba. Abin da na gane shi ne tana son waƙa ɗaya ta shiga cikin ɗaya ba tare da an ji wurin ɗinki ba. Amma duk lokacin da ta tura maɓallin tsakiya, sai kiɗan ya rikice kamar awaki sun shiga kwanuka.

Wata rana da hantsi na leƙa na ce, "Taɓarenki na karo."

"Wane taɓare kuma, Inna?"

"Tashi ki zo."

Na zuba shinkafa a babban turmi, na miƙa mata taɓarya. Lugude ba sabon abu ba ne gare ta, tun tana ƙarama muke yi tare: tawa ta sauka, tata ta tashi, turmi ɗaya, ba mai taɓa wata. Na fara, ta shigo. Bugu kaɗan muka yi hannunta ya makara. Taɓaryarta ta daki tawa, tawa ta dawo ta fasa mini leɓe. Jini ya ɗiga a kan shinkafar.

Ta saki taɓarya ta riƙe baki.

"Kunnenki lafiyarsa lau," na ce, ina tofar da jini. "Kin ji wurin shiga. Hannun ne kwalba ta riƙe. Ki zaɓa, ko kiɗan yayanki ko kwalbar Sa'adiyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar su biyu."

Ta tsuguna tana tsince shinkafar da jini ya taɓa.

Abin da ya biyo baya ba na so in tuna shi duka. Ciwon ciki, amai, zufa, ƙafafu suna rawa a kan tabarma. Ta zage ni zagin da ban san ta iya ba. Sau ɗaya ta tsallake katanga, ta dawo da yamma idonta a lumshe, muka koma farko. Na daina zuwa kasuwa, kifina ya yi tsutsa. Na kai ta wurin wata ma'aikaciyar asibiti a Bagudo, ta ba mu magani ta ce haƙuri ne babba. Kowace safiya kuwa, ko tana iya tsayuwa ko ba ta iya, sai mun yi lugude.

Ranar da muka cashe turmi guda ba karo, har ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, ta ruga ɗakin da gudu. Na bi ta. Ta sa abin ji a kunne ɗaya, ta bar ɗayan a buɗe.

"Kin gani, Inna, wannan waƙar ke ce, tana tafiya. Wannan ta kunnena ni ce, ina jira. In ta fi ki sauri sai in ja ta baya da wannan." Ta ɗora yatsa a kan faifan tana kaɗa kai, leɓenta yana motsi. Ta saki. Ta tura maɓallin tsakiya sannu a hankali.

Na jira awakin, ba su zo ba.

"Yaushe za ki canza?" na ce.

"Ai na canza tun ɗazu."

Dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar.

* * *

Tun da shari'a ta zo, a garinmu namiji ba ya shiga wunin mata. In an ɗauko DJ, a zaure yake zama, a ja waya mai tsawo a kai lasifika cikin gida. Ba ya ganin masu rawa. Sai tsofaffi sun ɗaure ɗamara sun fito fili ya yanke kiɗa, ko ya sako na 'yan mata ana tsakiyar nasiha. Kowa ya saba da aika yara: a ce masa ya rage, a ce masa ya mayar.

Hajiya Jummai mai sayar da atamfa za ta aurar da ɗiyarta, na je na same ta, na roƙa ta ba Munawwara kiɗan wunin.

"Riskuwa, ina jin nauyinki," ta ce da ni. "Amma ɗiyar nan taki kowa ya san abin da take sha. Dangin ango daga Birnin Kebbi za su zo. In ta yi mini barci a kan kayan kiɗa fa?"

"In ta yi barci, Hajiya, ni zan yi miki kiɗan ƙwarya har magariba."

"Da wannan muryar taki? Gara barcin." Ta yi dariya. "Ki kawo ta. Allah Ya jiƙan yaronki, ya sha ɗauko mini kaya bai taɓa ɓatar da ko ƙyalle ba."

Babansu ya ce shi ba ruwansa da bidi'a. Amma ranar wunin shi ya ɗauki janareto a kafaɗa ya kai ƙofar gidan Hajiya, ya zauna kusa da shi da carbinsa, wai kada yara su taɓa.

Bayan azahar gida ya cika. Munawwara ta zauna a ƙarƙashin rumfa da hijabinta ruwan toka, teburi a gabanta. Mata suna nuna ta da baki. Waƙar farko ta tafi lafiya. Da ta zo shigar da ta biyu, hannunta ya yi rawa, kiɗan ya yi karo. Ba sosai ba, amma an ji. Wata daga dangin ango ta ce, "Ashe gara na zauren."

Sai na ga Sa'adiyya ta ratso mata, ta sunkuya kamar mai gaisuwa, ta ajiye robar lemo kusa da kwamfutar. Launin lemon ya fi na shago duhu.

"Kurɓa ɗaya, ƙawata," ta ce, "hannunki ya tsaya."

Ina tsaye a bakin madafa, tsakanina da su taron mata. Ƙafata ta so tafiya, na hana ta. In na ƙwace yau, gobe ba na nan.

Munawwara ta ɗauki robar. Ta daɗe tana kallon ta, har ta murɗa murfin. Amma ba ta kai ta baki ba. Sannan ta miƙa hannu ta ɗora ta a kan lasifika, ta mayar da abin ji kunnenta, ta nemo ni da ido.

Wani sauti ya fito a ƙarƙashin waƙar. Dum, dum. Dum, dum, da tafi a tsakani. Turmina ne. Ashe ta naɗi lugudenmu a waya ban sani ba, ta daidaita shi da bugun hip-hop ɗin har ba ka ce ga inda turmi ya ƙare ganga ta fara ba. A kan su kuma muryar yayanta ta hau: "Bilyamin ne, ɗan bakin Kwara, ku matso."

Aka matso. Kakar amarya ce ta fara jefar da sandarta. Tsofaffin da ba su san hip-hop ba sun san lugude, ƙafarsu ta gane shi kafin kansu. 'Yan mata suka shigo ta ɗaya gefen. Munawwara tana kallon fili: in ta ga tsofaffi sun fara haki ta sassauta, in ta ga amarya ta taso ta sako mai zafi, waƙa tana shiga waƙa ba ɗinki. Matar Birnin Kebbi da ta yi magana ɗazu ita ce ta rangaɗa guɗa a kan ɗiyata har sau biyu, tana tambaya ko ana zuwa da ita nesa.

Ta ƙara nauyin kiɗan. Robar da ke kan lasifika ta fara rawa ita ma, tana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa baki. Munawwara tana gani, hannunta yana kan faifai, ba ta ɗaga shi ba. Robar ta faɗo, abin ya malale a ƙasa.

Ban san lokacin da na shiga fili ba. Na yi rawa ina kuka, leɓena mai tabo yana rawa shi ma. Daga baya aka ce mini babansu ya ƙara wa janareto mai da kuɗinsa, yana gaya wa mazan zaure, "Ɗiyata ce a ciki."

Ana gab da tashi, ina goge fuska da gefen zane, na hango Sa'adiyya a bayan lasifika. Ta tsuguna ta ɗauki robar, ta kakkaɓe ƙasar bakinta, ta ɗaga ta saitin rana tana duba abin da ya rage. Kusa da ita uwarta ce ke rawa, gyale a ƙugu, ta ba ta baya.