'Yan Kunnen Bareyi

Tun da ciwo ya kwantar da Baba, kujerarsa ta koma bakin taga. Nan yake wuni yana gyangyaɗi, bareyi na ratsa masa ɗaki a mafarki, su bi ta tsakanin gado da teburin magani su fice ta bango ba tare da sun ture ko kofi ba. Tsohon mai gadin gandun daji ne, kuma a ƙarshen aikinsa bareyin sun kusa ƙarewa a kan idonsa. Da wannan baƙin cikin ya dawo gida.

Autarsa ce ta gaji dajin, ita ke ƙidayar dabbobi. Barewa kuwa ba ta tsayawa a layi a ƙirga ta, don haka dabara ake yi. A kama wasu, a maƙala musu alamar roba a kunne, a sake su. Bayan watanni a sake kamu. In masu alama sun yi kaɗan a cikin kamun, an san sun ɓace ne cikin babban garke. Bana kusan duk wadda aka kama kunnenta wayam, lissafi ya ce garke ya ninka.

Ranar da ta gaya masa, Baba ya cinye abincinsa tas, har da neman ƙari.

"Auta, ina labarin 'yan matana masu 'yan kunne?" Haka yake tarbarta kullum, yana dariya.

Sai wata la'asar ta bi wata 'yar hanya zuwa mashaya, inda dabbobi ke kutsawa ta ƙarƙashin sarƙaƙiya. Iska na kaɗawa a hankali, ƙayar na wani ƙyalli rawaya-rawaya, har ta ɗauka fure ne. Da ta matso ta ga alamunta ne rataye reshe-reshe, wasu da ɗan gashi a jiki, suna lilo abinsu. Ta daɗe a tsaye. Ashe ƙaya ce ke cire wa bareyin ado, su dawo tarko a yi musu maraba a matsayin baƙi. Garken bai ƙaru ba, wataƙila ma raguwa ya yi.

Gyara lissafi a ofis bai dame ta ba. Tsohon nan ne ya tsaya mata a rai, don ta san abin da ke sa shi cin abinci.

Ta tarar da shi idanu a lumshe, hasken yamma kwance a cinyarsa.

"Yanzun nan suka wuce," ya ce. "Har na gaji da ƙirga."

Ta so ta yi murmushi ta wuce, bakinta ya ƙi. Ta durƙusa ta zuba masa robobin a tafin hannu.

"Baba, ba su ƙaru ba. Su ɗin ne dai, 'yan kunnen ne suka zube."

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Can ya jawo hannunta ya riƙe.

"Yayyenki kullum sai su ce na yi ƙiba, na ji sauƙi. Tunda yau bakinki ya buɗe, Auta, zauna nan. Gaya mini abin da likita ya ce."