Tsatsa a Motar Gawa

A unguwar Maamobi, bayan masallacin da Alhaji Abdulkarim yake limanci, akwai wata farar mota da kowa ya sani. Motar gawa ce ta unguwa. Iddrisu ne yake tuƙa ta tun ranar da aka kawo ta daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Shi tela ne. In aka yi rasuwa sai ya rufe kekensa, ya ɗauki makulli, kuma duk cikin ayyukansa babu wanda yake so kamar wannan.

Matan layin ba sa bin gawa zuwa maƙabarta, don haka suka samo tasu hanyar neman lada. Da zarar motar ta dawo, kowacce za ta fito da bokitin ruwa. Mma Fuseina, yayar mahaifiyar Iddrisu, ita ta fara, sauran suka bi. Shi kuwa ba ya mayar da ruwan kowa. Yakan kwarara shi ciki da waje, kan rufi, jikin gilashi, har sai bokitin ƙarshe ya ƙare. Motar kullum fes, kamar sabuwa.

Wata Laraba ana sauke makara, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗauka ta burma ƙasan motar, daf da ƙofar baya. Allah ya kiyaye makarar ba ta faɗi ba, amma ta karkata, kowa kuma ya gani.

Bayan La'asar Alhaji Abdulkarim ya kira Iddrisu gefe.

"Iddrisu, ba za mu jira sai mamaci ya faɗo kan titi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe suna zagayen ta. In ba ta gyaruwa mu ba su, mu riƙa kiran motar haya."

"Alhaji, a bar ni in kai ta a duba."

"Kai ta. Amma ni zan taka ta da ƙafata kafin a sake sa wani a ciki."

Washegari ya lallaɓa da ita zuwa kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wurin Kazeem mai walda, abokinsa tun makarantar allo. Kazeem ya zagaya motar, ya buɗe ƙofar gefe, ya girgiza ta. Sai ga ƙarar ruwa a ciki.

"Tela, wannan ƙofa ne ko randa?"

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Can ya ɗago kai da wani baƙin abu a yatsa.

"Wa ya sa kwalta a nan?"

"Ni ne. Akwai wasu ƙananan ramuka a gindin ƙofofin, da ƙarƙashin motar. Kusa da gota take kwana, inda ƙazamin ruwa yake bi. Na taɓa ganin kyankyaso yana tafiya a kan likkafani, ranar na toshe su duka."

"Cale, abokina, ka gama da ni! Wanda ya ƙera motan ba don kyankyaso ya bar ramin ba. Hanyan ruwa ne."

Ya ɗauko ƙusa ya soka. Jan ruwa ya tsiyayo, kamar an wanke tukunyar miya, ya daɗe yana zuba. Haka kowace ƙofa, haka dogon ƙarfen nan na gefe da ake takawa a shiga. Kazeem ya ce tsatsa daga ciki take ci, inda ido ba ya kai wa. Ruwa ya kwanta, iskar teku ta ƙara masa gishiri, fenti yana ƙyalli a waje, ƙarfe kuwa ya zama kamar busasshen ganye. Iddrisu ya danna da babban yatsa, wurin ya lotsa.

"Za ta tashi?"

"Ƙashin bayan shi bai mutu ba. Zai tashi."

Suka cire allunan cikin ƙofofin, suka bar motar a buɗe tana shan rana har ta bushe ƙayau. Kazeem ya yanke duk inda ya ruɓe, ya liƙa sabon ƙarfe, ya goge, ya shafa jan fenti na ƙasa. Iddrisu ya bar ɗinki yana zuwa kullum, yana kankare tsatsa da buroshin waya.

Da aka zo kan lungunan ciki, Kazeem ya jawo galan na baƙin mai, irin wanda direbobin trotro, motocin haya, suke ɗurawa. Iddrisu ya riƙe masa hannu.

"Ban da wannan. Wari gare shi."

"Fasinjanka ba ya jin wari koraa, ko kaɗan."

"Masu zama gefensa suna ji. In kuma ya ɗiga a likkafani fa?"

Kazeem ya yi tsaki, ya shiga cikin kasuwa, ya dawo da gwangwanayen kakin feshi masu dogon siririn bututu. Ya riƙa zura bututun cikin kowane rami yana fesawa, yana jan shi a hankali, har kakin ya fara leƙowa ta ƙasa. Sannan ya sake bin ramukan da ƙusa don kada su toshe.

"In kyankyaso ne, ka fesa mashi magani. Amma bokiti a cikin motan nan, an gama. Tsumma mai laima, shi ke nan. In ka sake yi mashi wanka, kar ka zo wurina."

Da aka gama gyaran, Iddrisu ya mai da motar bayan masallaci. Alhaji Abdulkarim mutum ne mai jiki. Ya tattare riga, ya hau bayan motar, ya taka nan, ya taka can, ya yi tsalle a daidai inda ta burma. Ya sauko yana haki.

"To. Ta zauna."

Ba a daɗe ba aka yi wata rasuwa. Da Iddrisu ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da matan sun jeru da bokitansu, Mma Fuseina a gaba. Ya kashe mota, ya fito, ya tsuguna a gabanta.

"Mma, yau ba za a zuba ba. Daga yanzu ma ba za a zuba ba."

Ya gaya mata abin da aka gani a cikin ƙofofin. Ta saurara tana kallon bokitinta.

"Wato ruwanmu ne ya ci motar?"

"Ya shiga ne bai sami hanyar fita ba, Mma."

"To mu da ba ma zuwa kabari, ladanmu fa?"

Iddrisu ya ce dai mai walda ya ce tsumma mai laima kawai, in ba haka ba motar za ta koma hannun masu ƙarfe.

Mma Fuseina ta jawo bokitinta. Sai ta kwance ƙyallen da ta yi gammo da shi, ta tsoma a ruwa, ta matse shi har sai da ya daina ɗiga. Ta ce ya kama mata hannu, ta hau bayan motar, ta durƙusa ta fara goge inda makara take zama. Daga ciki ta ɗaga murya.

"Ku mai da ruwan gida ku yi girki. Gobe kowa ta zo da tsumma mai tsabta."

"Mma, Allah ya sa gobe babu rasuwa."

"Amin. Matsa, kana tare mini haske."