Abin da Larai Ta Faɗa wa Mai Kanwa

Tsohuwar ta sauke kwandon kanwarta a gindin dabinon da ke tsakar gida, ta yi wani dogon nishi, ta ce a taimake ta da ruwa. Larai na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ɓawo ya rufe mata ƙafafu. Ta karkaɗe zane, ta ɗebo ruwan randa a ƙoƙo, ta haɗo da fura, don ita ba ta iya ganin baƙo ta bar shi da baki a bushe. Kunnensa ma ba ta barinsa ya huta. Duk ƙauyen nan na gindin duwatsun Dutse an san Larai matar Lado da kyauta, an kuma san ta da surutu, sai dai ba wanda ya taɓa kama ta da mugun nufi a cikin ko wanne.

"Daga ina da ranar nan, Iya?"

"Daga Taura, 'yar nan. Laraba sunana. Kanwa ba ta tafiya a gari, dole tsohuwa ta bi ƙauye."

Suka taɓa hirar damina da tsadar gishiri. Can sai tsohuwar ta goge baki, ta ce, kamar wadda abin ya faɗo mata a rai yanzu, "Ina da wata maƙwabciya da ta ce ita 'yar wajen nan ce. Gaji. Doguwa, baƙa, mai wushirya. Ko kin san gidansu?"

Gyaɗar da ke hannun Larai ta zube a ƙasa.

* * *

Nono ɗaya suka sha da Gaji. Da aka haifi Larai uwarta ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, aka miƙa jaririyar ga Luba, baiwar gidan, wadda ke goyon tata 'yar. Tare suka yi rarrafe. Tare suka riƙa hawa duwatsu tsintar kanya, tare suka sha dukan tulun da Larai ta fasa Gaji ta ce ita ce. In dare ya yi, sai an ɗauko Larai daga bukkar Luba tana barci, don ba ta yarda ta kwanta inda ba Gaji.

Sai Nasara suka ci Kano. Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa bawan da ya tafi ba mai kamo shi, rinjojin bayi suka fara watsewa. Wata ranar kasuwar Kiyawa, Luba da Gaji suka ɗauki ƙwarya kamar masu zuwa cin kasuwa, ba su dawo ba. Mahaifin Larai ya yi ta ƙorafin asarar da ya yi. Larai kuwa ta yi kuka har ta kwanta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne Gaji ba ta yi mata sallama ba.

Duniya ta ci gaba da juyawa. Kuɗin wuri ya daina sayen komai, aka koma kuɗin ƙarfe. Gonakin dawa suka koma na gyaɗa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano. Yunwa ta zo ta ɗauke iyayenta da ɗanta na fari. Duk wannan Larai ta shanye, ta saba, kamar yadda kowa ya saba. Rashin Gaji ne kaɗai ya ƙi zama tsohon labari. Ba wani ayarin fatake da zai yada zango a ƙauyen ba ta aika a tambaye su ko sun ga wata doguwa mai wushirya ba, har Lado ya fara tsokanarta wai ko shi ne ya ɓata ba za a neme shi haka ba.

* * *

"Tana raye?" Larai ta kama hannun tsohuwar. "Iya, don Allah, Gaji na raye?"

"Garau take. Mijinta ya rasu, amma tana da 'ya, Bilki, budurwa. An ma kusa bikinta da Muntaka, ɗan gidan malamin unguwarmu."

Larai ta yi dariya, hawaye na zuba. Daga nan kuma bakin ya buɗe. Ta ba da labarin tulu, ta ba da na kanya, ta tashi ta nuna inda bukkar take a da, can bayan dangar gidan mahaifinta. Tsohuwar na ta gyaɗa kai tana murmushi, ba ta katse ta ba.

"Ai Luba ce ta shayar da ni. Luba ce ta yi mini goyo har na yi ƙafa."

"Wace ce Luba?"

"Uwar Gaji mana."

Tsohuwar ta ajiye ƙoƙon a hankali. "Matar da ta ba ki nono, ita kike kira da sunanta haka gatsau? Ba Inna, ba Gwaggo?"

"Haka kowa ke kiranta a gidanmu, har yara. Ai da ita aka kawo innata ranar aure, cikin kayan ɗakinta take." Larai ta faɗi haka ne yadda mutum zai ce an yi ruwa jiya. "Amma wallahi ba a taɓa bambanta mu ba. Iya, ki ce mata Larai na nan, ki ce ina zuwa bikin."

Tsohuwar ta miƙe. Ba ta ƙarasa furar ba, ba ta kuma yi tayin kanwar ba. Larai ta cika mata ƙwarya da dabino ta ce ta kai wa Gaji, ta raka ta har bakin hanya tana ta jaddada saƙo.

* * *

Da la'asar Lado ya dawo daga gona, ta tare shi tun daga zaure da albishir. Ya saurara yana wanke ƙafa. Da ta zo kan maganar kayan ɗaki sai ya tsaya, butar na tsiyaya a hannunsa.

"Kanwar nawa ta sayar a ƙauyen nan?"

"Ban ga ta sayar ba."

"Gida nawa ta shiga?"

"Namu kaɗai na gani."

"Larai, wa kika taɓa gani ya taso tun daga Taura da kwando ɗaya na kanwa? Binciken asali aka aiko ta. Gidan malamai ba sa ɗaura aure sai sun tura tsohuwa ta shinshino tushen yarinya. Ke kuma kin ba ta abin da ta zo nema, har kin haɗa mata da dabino."

"To, ai Gaji ba baiwa ba ce yanzu. Nasara sun hana."

"Saye da sayarwa suka hana. Wa ya hana mutane tambaya?"

Larai ta zauna a kan turmi. Ta san yadda ake yi. Ta sha jin mata a gidan biki suna rage murya su ce wance ai jinin bayi ce, ita ma ta sha gyaɗa kai ta wuce. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wancen nan da ake faɗa tana iya zama Gaji ba.

Ta so ta kama hanya washegari. Lado ya ce ba mai barin gyaɗa a ƙasa ya tafi Taura, sai an gama cira. Ta jira, ba ta da yadda za ta yi, abinci ma sai ta tura shi da ruwa. Da aka kai amfani rumbu ya ɗaura wa jaki mangala, suka bi ayarin masu zuwa kasuwa.

* * *

Ba su sha wahalar samun gidan ba. Yaran da suka tambaya suka ce, "Gidan da aka fasa biki?" Suka nuna da baki.

Lado ya tsaya a waje. Larai ta yi sallama ta shiga. Tsakar gidan duk ƙunshin kaya ne, an naɗe tabarmi, an kife tukwane. Wata mace na durƙushe tana ɗaure buhu. Ta ɗago. Furfura ta fito mata a goshi, amma wushiryar na nan.

Sun daɗe suna kallon juna. Larai ce ta fara zubewa ƙasa.

"Gaji, ki yafe mini. Wallahi murna ce."

"Na sani." Muryar Gaji ba ta tashi ba. "Da aka maido da maganar auren, aka ce wata ce a Dutse ta faɗa tana dariya tana kuka, na ce Larai ce. Tashi, kar maƙwabta su leƙo."

Ta ja ta inuwar ɗaki suka zauna. Ta riƙe hannunta tana juya shi, kamar mai duba ko shi ne dai na da.

"Kin yi ƙiba. Bakin dai bai rame ba."

Larai ta yi dariya cikin kuka. "Ina Luba?"

"Inna ta rasu shekarar yunwa." Gaji ta dube ta cikin ido. "A garin nan Inna ake ce mata, Larai. Har liman Inna yake ce mata. Ta yi shekaru tana jin daɗin wannan kafin ta mutu."

Kunya ta rufe Larai, ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Ni ban taɓa ganin bambanci tsakaninmu ba."

"Ke ba ki gani ba. Ni na gani. Ke kike ci a akushi, ni nake kankare tukunya. Ranar tulun nan, kin zaci don ƙauna kaɗai na ce ni ce? Ko ban ce ba, ni za a fi duka." Ta matse hannun. "Da ƙaunar ma, ba na musu. Ranar da muka tafi na so in faɗa miki. Inna ta ce in na faɗa wa Larai, kafin azahar duk ƙauye ya ji."

"Bari in je gidan malamin. In ce ƙarya na yi, in ce tsufa ne ya sa matar ta ji ba daidai ba."

"Muntaka da kansa ya je ya durƙusa gaban ubansa. Aka ce masa addini bai hana ba, amma dangi ba za su haɗa jini ba. An riga an gama. Yanzu ko tallan fura Bilki ta fita, sai ta dawo da ƙwaryarta a cike."

"To ku zo wurinmu. Lado na da fili."

Gaji ta dube ta da tausayi, yadda ake duban yaro. "Mu koma inda kowa ya san bukkarmu?"

"Ina za ku?"

"Gabas. Kar ki tambaye ni garin, don in kin tambaya zan faɗa miki, ke ce. Abu ɗaya nake roƙonki. In wani ya sake zuwa yana tambaya, ko da wane irin kaya ya zo, ki ce ba ki taɓa jin sunana ba. Yarinyar nan tana da sauran aure a gaba."

Larai ta buɗe baki, ta rufe. Ta gyaɗa kai.

Sai ga wata budurwa ta shigo da tulu a ka, doguwa, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta sauke tulun, ta durƙusa har ƙasa ta gaida baƙuwa. Larai ta ji kamar ta rungume ta. Gaji ta saki hannun da take riƙe da shi.

"Inna, wace ce?"

"Matafiya ce, hanya ta ɓace mata. Raka ta ki nuna mata."

Bilki ta yi gaba, Larai na biye, ba ta waiwaya ba don ta san in ta waiwaya ba za ta fita ba. A ƙofar gida yarinyar ta tambaye ta cikin ladabi ina ta nufa. Larai ta ce Dutse.

"Ai ba wuya, Gwaggo. Ki bi ta gindin tsamiyar can, ki miƙe kudu." Ta nuna da hannu. "Allah ya kai ku lafiya."

Ta koma ciki, ta ja asabari ta rufe ƙofar.