Ƙwaron da Ke Ɗauke da Sunan Mama

"Ƙafa ɗaya kawai za ki cire, Tela. Ta baya. Kada ki taɓa fiffiken."

Na sunkuya kan teburinsa da ɗan hantsaki a hannu, ina zufa kamar mai ɗinkin amarya. Ƙwaron bai kai farcen ɗan ƙaramin yatsana ba. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, unguwa kuma ba ta san shi da wani suna ba sai Baban Ƙwari. Tunda ciwo ya sa hannunsa rawa, ni ce hannunsa.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi: nazarin irin asun nan da tsutsarsa ke naɗe ganye da zare ta kwanta a ciki. A wurina duk ɗaya ne, toka-toka, marasa fasali. Shi kuwa ya taɓa gano wani da ya rantse jinsinsa daban ne, ya sa masa sunan matarsa, aka buga a littattafai. Yanzu autarsa, wadda ta gaje shi, tana aiki inda ake gwajin ƙwayoyin halitta. Da ƙafar nan za ta tabbatar ko gaskiyarsa ce.

Kafin sakamako ya fito ya kwanta jinya. Ranar da Auta ta zo, a tsakar gida ta tare ni da Mama, matar Baban Ƙwari, idonta jajir.

"Ba daban ba ne. Jinsi ɗaya ne da wani da aka sani tun da can. Sunanki zai fita daga littafi, Mama. Ni dai zan ce masa bai fito ba."

"Uban naki za ki yi wa ƙarya?" in ji Mama. "Wuce mu je."

Yana jingine da filo, akwatunan gilashi na ƙwari jere a bango. Kallo ɗaya ya yi wa 'yarsa.

"Biyu ne ko ɗaya?"

"Ɗaya ne, Baba."

"Kin maimaita?"

"Na maimaita."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Can ya juya wajen matarsa.

"Ban gina miki gida ba, ban saya miki zinariya ba. Wannan kaɗai na ba ki, shi ma ga shi ba nawa ba ne. Ki yafe mini."

"Kai, Malam! Tun ina amarya matan unguwa ke kirana matar tsutsa. Yau Allah ya raba ni da ƙaya, kai kana ba ni haƙuri?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya kama hannun Auta.

"Ki rubuta yadda yake. Ki sa cewa ni na yi kuskuren."

Bai ƙara sati ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an watse daga zaman makoki, na leƙa na tarar Auta tana sauke akwatunan tana canza 'yan takardun sunan da ke ƙarƙashin kowane ƙwaro. Ta miƙa hannu za ta karɓi na ƙarshe, wanda ke kan cinyar Mama.

"Wannan ki bar shi da kuskurensa," in ji Mama.

Ta ja bakin mayafinta tana goge gilashin a hankali.