Ranar da Mai Taya Ya Buɗe Wa Tantabaru

Ƙeta mugun hali ce, kuma mafi muninta shi ne mutum ya riƙe abin da ba nasa ba, ba don yana so ba, sai don mai abin ya zo ya durƙusa masa. Wannan a cikin gidana na gan shi, da idona.

Ina da gidan haya mai ɗaki shida, ni ma a ciki nake zaune. A ɗakin ƙarshe, gindin matakalar da ke hawa saman rufi, akwai wani mai sayar da tayoyin mota da matarsa. Shi Mai Taya ake ce masa. Ita kuwa matan gidan suka sa mata Uwar Tantabaru, don ranar da ta tare da tantabaru arba'in ta zo. Na mahaifinta ne marigayi. A saman gidansu aka ƙyanƙyashe su, layi biyu daga nan, inda yayanta kafinta yake zaune har yanzu. Ta roƙe ni saman rufina na ba ta, yayan ya zo ya kafa akwatuna, ya kewaye da raga, ya sa ƙofa.

Mako uku ta kulle su ba ta bari sun fita ba. Na tambaye ta dalili.

"Baba, sai sun yi ƙwai," ta ce. "Tantabara ba ta barin ƙwanta da 'ya'yanta. In na sake su yanzu, kafin ka juya sun koma gidanmu."

Bayan sun zauna, kullum da la'asar sai ta hau da gwangwaninta na hatsi ta girgiza, su sauko mata har kafaɗa. Tana sayar da 'yan shila ga gidajen abinci, amma ban taɓa ganin ta kwashe su duka ba. Da wannan take sayen sabulu da zane, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu. Dalilinsu nasu ne, ba zan tona ba. Ranar da ta zo kwashe kaya, ta haɗa tufafi da tukwane, ta hau sama, sai ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofar raga. Ta sauko ta same shi a tsakar gida yana goge takalmi.

"Makullin sama fa?"

"Wane sama? Gidan naki ne?"

"Tantabaruna zan ɗauka."

"Naki? Shekara biyu a kan ɗakina suke kashi, ni nake biyan haya. In kina so, ki dawo gobe ki tambaya da ladabi, sai in duba."

Na ce masa, "Kai yaro, ba ta abinta. Kai da ko ruwa ba ka taɓa zuba musu ba?"

"Baba, ka bar mu, tsakaninmu ne."

Kafintan ya ji labari ya zo da guduma a hannu, ya ce kwaɗon nan bugu ɗaya ne. Ta riƙe masa riga.

"Yaya, bari. In ka fasa, mu ne za mu zama ɓarayi a bakinsa. Mu je gida. Tsofaffin akwatunan Babanmu suna nan a sama? Ka gyara mini su."

Ta tafi, ba ta dawo ba. Wannan shi ya fi ci wa Mai Taya rai. Kullum da yamma sai ya zauna a bakin ƙofa yana leƙen layi, ko za ta ɓullo. Da ya ga shiru, sai ya ce zai nuna wa duniya kiwon tantabaru ba wani abu ba ne. Ya je kasuwa ya sayo guda goma sha biyu masu tsada, irin masu gashi har ƙafa, ya zuba a cikin nata. Ya kira wani mai gidan abinci, ya kwashe masa 'yan shila kaf, ko ɗaya bai bari ba. Ya kuma karɓi kuɗin na wata mai zuwa tun kafin a ƙyanƙyashe su. Da warin wurin ya dame shi, sai ya ja tiyo ya wanke akwatunan tas, ƙwai da sheƙa duk suka bi ruwa.

Ya sauko yana yarfe hannu. "Baba, ka ga tsabta? Ita shekara biyu ba ta taɓa yin haka ba."

Ni ma a lokacin ban tuna da maganarta ba.

Ƙofar kuwa bai buɗe ba. Abinci sai ya tuna, wata rana da safe, wata rana sai gobe. A kwana na tara biyu suka mutu, ni na gan su ta raga. Na ɗauki sandata na je gidan kafinta. Na same ta a sama tana share tsofaffin akwatuna, ta cika kwanon ruwa, babu tsuntsu ko ɗaya a wurin. Na gaya mata duk abin da ya yi. Da na zo kan biyun da suka mutu, ta tambayi kalarsu. Da na zo kan wankin akwatuna sai ta ɗago kai.

"Har ƙwan, Baba?"

"Har ƙwan, 'yata."

Ta ɗan jima tana juya tsintsiya a hannu.

"Baba, ka ce masa ya buɗe musu su sha iska, kar su ƙare. Ban ce ya ba ni ba. Ya buɗe kawai."

Na kai masa saƙo kamar yadda ta faɗa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ta sauko ke nan! Yau saƙo, gobe da ƙafarta za ta zo. To, don kai, Baba, zan buɗe."

Da la'asar ya hau, ni ina biye. Ranar bai ba su komai ba tun safe. Ya cire kwaɗo, suka fito kamar hayaƙi, suka yi sama, suka kewaya gidan sau biyu. Can sai na ji ƙarar gwangwani daga nesa, siririya, ƙas, ƙas, ƙas. Wani tsohon namiji mai ɗingishi, wanda ta ce shi ne babbansu, ya karkata ya nufi wajen. Sauran suka bi shi, har da sababbin masu gashi a ƙafa, suna ta fama a baya.

"Za su dawo," in ji Mai Taya. "Yawo suka je."

Ya ɗauko wani gwangwani ya yi ta girgizawa har magariba ta yi. Matan gidan suka fito suna kallo, ɗaya ta ce, "Mai Taya, ƙara ƙarfi, wataƙila ba su da kunne ne."

Washegari kafinta ya zo da kwando a rufe. Ya ajiye a gabansa.

"Ga naka goma sha biyu. Ta ce mu ba ma riƙe na mutane. Ƙirga."

Ya ƙirga, ya kai su sama. Bai san ana kulle sababbi sai sun yi ƙwai ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Bayan kwana biyu ya buɗe, suka koma. Aka sake kawo masa. Karo na uku shaho ya ɗauke ɗaya a hanya. Kafinta ya ce shi ba ɗan aike ba ne, yana da aiki a shago, mai kaya ya zo ya ɗauka da kansa.

Ya yi ta neman mai saye a unguwa, amma labari ya riga shi, babu mai zuba kuɗi a tsuntsun da zai kwana a rufin kafinta. A ƙarshe shi da ya ce ta zo ta tambaya da ladabi, shi ya je ƙofar gidansu ya yi sallama, ya tsaya a rana. Ta fito ta gaishe shi lafiya lau, ta taya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ya saye su. Ya sallama.

Ga abin da ƙeta ta ci masa. Tantabaru talatin da takwas da ya riƙe sun koma wurin mai su. Nasa goma sha biyu, ɗaya ya tafi cikin shaho, sha ɗaya sun tafi a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Kuɗin 'yan shilan da ya sayar, ni na zaunar da shi a gaban mutanen gida ya fito da su, tare da na biyun da suka mutu, aka kai mata. Mai gidan abinci ya karɓe kuɗin da ya biya na wata mai zuwa, bai ƙara sayen taya a wurinsa ba. Hatsi rabin buhu ya bar wa ɓeraye a sama. Abin da ya rage a hannunsa kwaɗo ne guda da makullinsa.